BABI NA BIYU: YANAYIN ƘASAR KOGIN HAƊEJA-JAMA'ARE DA DAUSAYIN HAƊEJA-NGURU

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yanayin ƙasar da kogin Haɗeja da na Jama'are suke ratsawa, tun daga mafarinsu har zuwa inda suka haɗu suka zama kogin Yobe, wanda Barebari suke kira Komadugu Yobe. Za a fi mayar da hankali ga dausayin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Masana ilmin labarin ƙasa sukan kasa koguna gida biyu dangane da gudanar ruwansu. Akwai kogi mai gudu duk shekara, kamar Kwara da Binuwai, akwai kuma kogi mai ɗaukewa, wato wanda yake kawo ruwa da damina, ya ja baya da kaka, ya ƙafe da rani. A asalinsa, kogin da ake magana a kansa yana cikin kashi na biyu ne. Abin da babin zai nuna shi ne, rayuwar wannan dausayi ta dogara ne a kan abubuwa biyu tare, wato zuwan ruwa da kuma ɗaukewarsa, kuma duk abin da ya taɓa ɗayansu sai ya shafi manomi da masunci da makiyayi baki ɗaya.

2.1 Mafarin Kogin da Hanyarsa

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar koguna biyu, wato kogin Kano da kogin Calawa. Kogin Kano ya taso daga duwatsun da ke kudancin jihar Kano, wajen Riruwai, shi kuwa Calawa ya ɓullo daga yamma, ya ratsa ƙasar Ƙaraye. Sun haɗu a kudu da birnin Kano, kusa da Tamburawa, daga nan ruwan ya wuce ta Wudil ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa ƙasar Ringim zuwa Haɗeja. Shi kuma kogin Jama'are mafarinsa yana kan tsaunukan Jos ne. Ya gangaro ta jihar Bauci, inda ake kiransa kogin Bunga a wani ɓangare nasa, ya wuce ta garin Jama'are da ƙasar Katagum. Kogunan biyu suna haɗuwa kusa da Gashuwa ta jihar Yobe, kuma daga nan ne sunan ya koma Yobe.

Daga Gashuwa kogin yakan bi ta Gaidam, ya karɓi ɗan ruwan Komadugu Gana a wajen Damasak. A ƙarshen tafiyarsa shi ne iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, inda ya bi ta gefen garin Difa, kafin ya zuba a Tafkin Cadi tsakanin Boso da Malam Fatori. Ke nan ruwan wannan kogi ba ya kaiwa teku. Abin da ya tsira daga rana da rairayi shi ne yake isa tafkin, kuma kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da kogin Shari da na Logon suke kawowa daga kudu, waɗanda su ne suke ɗauke da kusan dukkan ruwan kogi da ke shiga tafkin.

Wani abin lura a nan shi ne, ruwan da ke rayar da dausayin ba a can yake sauka ba. A kan tsaunukan Jos ruwan sama yakan kai kimanin milimita 1,300 a shekara, amma a Nguru abin da ake samu bai cika wuce milimita 500 ba, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba. Abin da rana da iska za su iya shanyewa a shekara a wannan yanki ya ninka wannan adadi sau da yawa. Saboda haka za a iya cewa kogin baƙo ne a ƙasar da ya fi amfana wa, domin arzikin da yake rabawa a Guri da Nguru da Bade daga kudu ya ɗauko shi.

2.2 Dalilin Bazuwar Ruwa

Tambayar da ya kamata a yi ita ce, me ya sa kogin da ya taho cikin mazubi ɗaya tun daga Kano sai ya zo nan ya watse? Amsar tana cikin irin ƙasar da yake takawa.

Daga mafarinsa zuwa wajen Wudil, kogin yana gudu ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya shan ruwa sosai. A irin wannan wuri ƙasa tana da gangare, ruwan sama yana sauka sai ya kwarara cikin ƙoramu da rafuka, su kuma su zuba a kogi. Daga Wudil zuwa gabas kuwa sai dutsen ya nutse can ƙarƙashi, kogin ya shiga shimfiɗar rairayi da laka waɗanda suka taru a kwarin Cadi tun shekaru aru-aru. A nan abubuwa biyu suke canzawa. Na farko, kogin yakan daina samun ƙarin ruwa daga rafuka, ya koma shi ne yake ba ƙasa ruwa. Na biyu, gangaren yakan ragu ƙwarai. Nguru tana kan tsayin kimanin mita 340 daga doron teku, Tafkin Cadi kuwa kimanin mita 280, alhali tsakaninsu tafiyar ɗaruruwan kilomitoci ce. Ruwan da ba shi da gangare ba ya sauri, wanda ba ya sauri kuwa dole ya sauke yashi da lakar da ya ɗauko, su kuma su cike masa hanya, ya nemi wata.

Bayan wannan akwai jigayi. A wani zamani mai nisa da ya wuce, lokacin da hamada ta matso kudu fiye da inda take a yau, iska ta tara rairayi a wannan yanki ta jera shi tudu-tudu, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Waɗannan tsofaffin tuddai suna nan har yanzu, ciyawa da itatuwa sun riƙe su. Irinsu ne ake kira jigawa, kuma daga wannan kalma jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta samo sunanta. Idan ruwa ya iso sai ya shiga kwaruruwan da ke tsakanin tuddan, ya cika wannan ya tsallaka wancan. Wannan ne ya sa ƙauyukan yankin suke zaune a kan tudu, gonakin gero suna kewaye da su, fadama tana ƙasa, kuma da damina wasu ba a isa gare su sai da kwalekwale.

Ta haka kogin Haɗeja ya rabu rassa. Tun kafin ya isa garin Haɗeja reshen Kafin Hausa ya ɓalle ya nufi kogin Jama'are. A gabas da garin kuma, wajen Likori, sauran ruwan ya kasu tsakanin tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana da kuma mashigar Marma. Wannan rabuwa tana da muhimmanci, domin makomar ruwan ba ɗaya ba ce. Wanda ya bi tsohon kogin da Burum Gana yana iya kaiwa Gashuwa, amma wanda ya bi Marma a tafkin Nguru yake ƙarewa, inda ba shi da mafita sai sama ko ƙasa. Saboda irin wannan asara, yawancin ruwan da ke wucewa ta Gashuwa na kogin Jama'are ne, duk da cewa sunan Haɗeja ya fi fita idan ana zancen dausayin.

Sai dai kalmar asara a nan tana bukatar gyara. Ruwan da ya nutse a dausayi shi ne yake ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da kogin suke sha daga gare shi, kuma da shi ake noman rani ta hanyar gajerun rijiyoyin burtsatse. Wanda yake auna ruwa a Gashuwa shi zai kira shi asara. Mai rijiya a bayan tudu ba zai faɗi haka ba.

2.3 Zagayowar Shekara a Dausayi

Kafin a gina madatsun ruwa, kogin yakan kawo ruwa ne daga wajen watan Yuni ko Yuli, ya cika ya batse a Agusta da Satumba a ƙasar Haɗeja. Saboda jinkirin da yake yi a dausayi, cikarsa ba ta isa Gaidam da Difa sai bayan an ɗauke ruwan sama, wato ana girbi a tudu kogi yana ƙaruwa. Daga nan sai ya ja baya a hankali. Kafin bazara ta kama mazubin ya koma rairayi, sai 'yan gurabe masu zurfi da ke riƙe da ruwa nan da can, mutane suna tona yashin tsakiyar kogi suna ɗiban na sha.

A kan wannan tsari al'ummomin yankin, wato Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani, suka gina sana'o'insu, kuma fili ɗaya yakan yi aiki uku ko huɗu a shekara. Da ruwan farko manomi yakan shuka shinkafa a fadama, ta tsiro da ruwan sama, ambaliya ta zo ta same ta ta yi ƙarfi, ta riƙa tashi tare da ruwan. A daidai wannan lokaci kifi yakan bar mazubi ya bazu cikin ciyawar da ruwa ya rufe, ya yi ƙwai, 'ya'yan su samu abinci da maɓoya. Idan ruwa ya fara komawa sai kifin ya biyo shi, masunta su tare shi da koma da mali da ƙugiya. Ana samun tarwaɗa da karfasa da bargi da kurungu da kawara. Kifin da ya fi nuna halin wannan kogi shi ne gaiwa, wadda takan shige cikin taɓo idan ruwa ya ƙafe, ta zauna a can tana shaƙar iska har damina ta dawo. Bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram shi ma da rani ake yinsa, lokacin da kifi ya taru a gurbi ɗaya.

Bayan an yanke shinkafa, ƙasar da ruwa ya saki tana riƙe da danshi, sai a bi ta da wake da sauran amfanin da ba ya bukatar ban ruwa. A bakin gurabe kuma ana lambu, da can da jigo, daga baya da injin ban ruwa. Injinan sun yawaita ne musamman bayan da gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama a 1987, abin da ya sa mutane da yawa suka rungumi nomanta. A can ƙasa, a gaɓar Yobe ta ɓangaren Nijar, tattasan Difa ya yi suna har kasuwannin Nijeriya. Daga ƙarshe sai makiyaya su sauko da shanu daga tudu, su ci ragowar gona da ɗanyar ciyawar fadama a lokacin da babu wani kore a ko'ina, su bar taki. Ga kuma kabar goruba da ake saƙa tabarma da igiya da ita, ga itacen wuta, ga kanwa. Layin dogo da ya isa Nguru a 1930 ya ƙara haɗa wannan arziki da kasuwar Kano.

Ba a cewa wannan tsari ba shi da rikici. Saɓani tsakanin manomi da makiyayi a kan burtali da mashaya tsohon abu ne. Amma muddin ruwa yana zuwa a kan lokaci yana kuma tafiya a kan lokaci, kowa ya san watan da fili yake nasa.

2.4 Madatsun Ruwa da Sauyin Halin Kogin

Farin da aka yi a 1972 zuwa 1973 ya ƙarfafa ra'ayin cewa dole a tare ruwan damina a adana shi. An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aikin da aka yi a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma an tsara ta ta riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Manufarta ita ce ta shayar da aikin noman rani na Kadawa, wanda kashinsa na farko aka tsara masa kimanin hekta 22,000, ta kuma taimaka wa birnin Kano da ruwan sha. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka gama madatsar Calawa a ƙasar Ƙaraye, mai ɗaukar kusan mita kubik biliyan 1, sannan aka yi wata ƙaramar madatsa a ƙasar Auyo domin aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Da wannan, mafi yawan ruwan kogin Haɗeja ya koma hannun masu buɗe ƙofa da rufewa.

Babu mai musun amfanin da aka samu. Shinkafa da tumatir da alkamar Kura da Kadawa da Garun Malam shaida ne, haka ma ruwan famfo na Kano. Abin da ba a lissafa ba tun farko shi ne na mutanen ƙasa. Ƙididdigar da masu bincike suka yi ta nuna cewa a shekarun 1960 da farkon 1970 ambaliya takan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000, amma a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 ta koma tsakanin hekta 70,000 da 100,000. Adalci shi ne a faɗi cewa ba madatsu kaɗai suka jawo wannan ba, domin farin 1983 da 1984 ya taka rawa babba. Duk da haka fari yakan wuce, madatsa kuwa tana nan. A farkon shekarun 1990 masana irin su Edward Barbier da William Adams sun kwatanta abin da ruwa yake samarwa a dausayi ta fuskar noma da su da itacen wuta, da abin da yake samarwa a aikin Kadawa. Sun gano cewa idan aka auna da yawan ruwan da aka kashe, ribar dausayi ta fi nesa ba kusa ba, kuma ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a cikin lissafin ba. A ganin wannan nazari, wannan sakamako bai samu kulawar da ta dace da shi ba a wurin masu tsara ayyuka, wataƙila domin arzikin dausayi a warwatse yake a hannun ƙananan mutane, ba ya shiga littafin kowace hukuma.

2.5 Kacala da Toshewar Hanyoyin Ruwa

Raguwar ambaliya ita ce illar da kowa ya yi tsammani. Wadda ba a yi tsammani ba ta zo ne ta ɗaya ɓangaren, wato rashin ƙafewa. Domin a kai ruwa gonakin rani da matatun ruwan sha, ana sakin ruwa daga madatsun a tsawon rani, wanda ya rage kuma ya gangara ƙasa. Ta haka kogin Haɗeja ya tashi daga mai ɗaukewa ya koma mai gudu kusan duk shekara, amma gudu marar ƙarfi.

Irin wannan ruwa, marar zurfi, marar sauri, wanda ba ya ƙafewa, shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ita wannan ciyawa ba baƙuwa ba ce a yankin, amma a da rani yakan busar da ita, wuta da shanu su ƙarasa, babbar ambaliya kuma ta share mazubi. Da waɗannan suka kau sai ta samu sarari. Tsayinta yakan wuce na mutum, saiwarta tana yaɗuwa a ƙarƙashin taɓo, irinta kuma iska ce take ɗaukarsa. Inda ta kafu takan rage gudun ruwa, ruwa ya sauke laka, lakar ta ƙara mata wurin zama. Daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ta toshe reshen Kafin Hausa da tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana, mafi yawan ruwa ya karkata zuwa Marma da tafkin Nguru.

Sakamakon wannan ya zo iri biyu masu karo da juna. A gefen Marma gonakin da a da ruwa yake saki da kaka sai suka zauna a cikin ruwa shekara da shekaru, kacala ta cinye su, har hanyar motar Haɗeja zuwa Nguru ta sha yankewa. A gefen rassan da suka toshe kuwa fadamu sun bushe, masu su suna kallon ruwa ya wuce ta wata hanya. Masunci ba ya iya jefa koma a cikin kacala, kwalekwale ba ya ratsa ta, sauro ya samu gida. Haka kuma tsuntsayen jan baki sun mayar da ita wurin kwana, daga nan suke tashi garke-garke su faɗa wa gero da dawa da shinkafa. Mutanen ƙauyuka sun sha yin gayya da lauje da adda suna buɗe mashigai, gwamnatoci kuma sun kawo injinan yanka da na yashewa a lokuta daban-daban. Amma matuƙar ba a bar mazubi ya bushe na wasu watanni ba, abin da aka yanke bana yakan dawo baɗi. Toshewar ta kuma ƙara tsananta ambaliya a shekarun da ruwan sama ya yi yawa, kamar 2012 da 2020 da 2022, lokacin da ƙananan hukumomi irin su Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri suka yi asarar gidaje da gonaki, domin ruwan ya zo bai tarar da hanya ba.

2.6 Matsayin Dausayin a Idon Hukuma

Abin da ya fara jawo hankalin ƙasashen waje ga wannan yanki tsuntsaye ne. Duk hunturu dubban agwagin ruwa da 'yan shaƙo-shaƙon bakin ruwa sukan taso daga Turai da Asiya, su tsallake Sahara, su sauka a nan tare da na gida irin su ɗinya da kirinjijiya. A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja-Nguru, wanda da farko tsuntsaye ne damuwarsa, daga baya ya gane cewa ba a raba maganar tsuntsu da ta ruwa da ta mutane. Littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tsara a 1993 ya fito ne daga ayyukan wannan shiri. Wurin tsuntsaye na Dagona ya shiga cikin Gandun Dajin Ƙasa na Kwarin Cadi, sannan a shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma, masu faɗin hekta 58,100, suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Baturiya da Dagona sun bi baya a 2008.

Matsalar da take gaban hukuma ita ce kogi ɗaya ne, amma jihohi shida ne suke da hannu a cikinsa, wato Filato da Bauci da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, ga kuma Jamhuriyar Nijar a ƙarshensa. A 2006 gwamnonin waɗannan jihohi da gwamnatin tarayya suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da kwarin kogin. Shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Calawa a watan Agusta domin a kwaikwayi ambaliyar asali, a kuma taƙaita sakin na rani ga abin da ake bukata kawai. Aiwatar da wannan yana nufin a nemi mai shan ruwa a sama ya rage domin wanda bai taɓa gani ba a ƙasa.

Sauran magana tana kan kogin Jama'are, wanda har yanzu babu babbar madatsa a kansa, yana kawo ruwa da damina yana ɗaukewa da rani kamar yadda ya saba. An fara aikin madatsar Kafin Zaki a jihar Bauci, aka tsayar, aka sake ɗago maganar fiye da sau ɗaya, kuma ba a kammala ta ba. Mutanen Bauci suna ganin haƙƙinsu ne su yi noman rani da ruwan da ke ratsa ƙasarsu kamar yadda Kano ta yi. Mutanen Yobe da Borno kuwa sun sha nuna adawa, domin kamar yadda aka ambata a 2.2, yawancin ruwan da ke wucewa ta Gashuwa zuwa Gaidam da Damasak da Difa daga wannan kogi yake fitowa.